Duna da Yashin Inna Dije

Kirsimetin da ya wuce ina zaune a baranda ina tsince shinkafa, sai na ji Rahila tana gaya wa 'ya'yanta wai da can mun taɓa zama a Tudun Ƙofa, masu gidan suka kore mu saboda kare. Jikokin nan suka saki baki, ɗaya har yana cewa ai mugayen mutane ne. Ban tanka ba a lokacin don gida cike yake da baƙi, amma abincin ranar bai yi mini daɗi ba. Ke Rahila, shekarunki uku a duniya sa'ad da abin ya faru, majina ma sai an share miki, ina kika san maganar? Ba wanda ya kore mu. Babanku ya riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage da na ga abin da idona, don haka ku natsu ku karanta.

Daga Garaku muka zo Keffi, da aka yi wa babanku canjin makarantar da yake koyarwa. Ina amarya, Hausata duk a karkace, ban san kowa a garin ba. Muka kama ɗaki biyu a can bayan gidan wata tsohuwa, Inna Dije, wadda mijinta malami ne ya rasu ya bar ta. Gida ne mai zaure da faffaɗan tsakar gida, da rijiya, da bishiyar mangwaro. Sashenmu sai ka bi ta wani ɗan lungu, ga ɗan fili a gaban ɗakunan inda nake girki. Mu Kirista, ita Musulma, kuma ban taɓa jin ta ɗaga maganar ba. Ran Lahadi in mun tafi coci ita ke duba mini tukunya, da azumi ni ke yi mata daka. Da na haifi Rahila uwata ta riga ta rasu, Inna ce ta tsaya a kaina. Ita ta dafa ruwan wankan jego safe da yamma, ta dama mini kunun kanwa, ta tsare ni da faɗa sai na shanye. In na yi kuka saboda zafin ruwa sai ta ce, "Yi ta yi, gobe kya gode mini." Tun daga nan na daina ce mata mai gida, ita ma ta daina ce mini matar Malam. Saratu take kirana, in kuma ranta ya yi fari ta ce 'yar nan.

A gindin mangwaron nan akwai wurin sallarta. Ɗan fili ne da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, an kewaye shi da duwatsu, an cika shi da farin yashin rafi mai laushi. Marigayi mijinta ne ya jera duwatsun da hannunsa, a nan yake nafilarsa, bayan ransa ita ta gaje wurin. Kullum da safe sai ta share shi da wata tsintsiya da ba a shara da ita ko'ina, in yashin ya fara duhu ta sa masu jaki su kawo sabo. Ko kaza ba ta isa ta taka shi ba.

To, sai aka shiga shekarar nan da gwamnati ta ƙara wa ma'aikata albashi, kowa ya ɗauka arziki ya zo ya zauna. Babanku ya sayi babur da rediyo. Ɓarayi ma suka farka, yau a ce an haura gidan wane, gobe a ce an ɗauke keken wane. Wata ranar Asabar ya je Gitata wurin wani abokinsa, ya dawo da kwali ɗaure a bayan babur. Na zaci doya ce ko ƙwan zabi. Ina buɗewa sai ga ɗan kwikwiyo baƙi wuluk, cikinsa ya fi kansa girma, yana rawar jiki. Mota ce ta take uwarsa.

Na ce, "Malam, ka tambayi Inna?"

Ya ce, "Ai ke ce 'yar gaban goshinta. Je ki gaya mata."

Haka babanku yake, Allah ya ji ƙansa, ya ɗauko abu ya ɗora miki a ka, ya tafi yana fito. Na je na durƙusa gaban Inna na faɗa mata. Ta saurare ni tana jan carbi.

Can ta ce, "Kare, a gidan marigayi Malam? Tabɗi." Ta dube ni. "Maraya ne kika ce? To, ku ajiye shi can sashenku. Kada ya sa mini baki a buta ko kwanon sha, kada ya taka wurin sallata. In kin kiyaye wannan, ba ruwana."

Na ce na ɗauki alkawari. Rahila ce ta raɗa masa suna Duna, don ta ji ana kiran wani baƙin bunsuru haka a unguwa.

Babanku mutum ne mai son bin ƙa'ida, sai ya sa shi a jaka ya kai shi asibitin dabbobi. Malamin wurin ya yi masa allurar rigakafi ta farko, ya ce da sauran wata nan gaba, sannan in ya ƙara girma a yi masa ta haukan kare. Ya kuma ja kunne sosai. Ya ce akwai ciwon da ke yawo a gari yana kashe 'yan kwikwiyo, amai da zawo da kwantsa a ido, kuma a ƙasa suke ɗauka, duk inda wani kare ya tsuguna. Kafin allurai su cika, kada ƙafarsa ta taka waje, ko bakin ƙofa. Da babanku ya kawo mini wannan bayani dariya na yi har da riƙe ciki. A ƙauyenmu wa ke koya wa kare inda zai yi kashi? Ga daji nan, ya san hanya. Amma a nan ba daji, ba juji, ba waje. Ɗaki biyu ne da ɗan filin girki, ga yarinya mai wasa a ƙasa tana kai komai baki. Kafin kwana biyu dariyar ta ƙare.

Kai, na ga aiki! Ka goge nan, ka juya ya yi can. Ƙarƙashin gado, bayan ƙofa, har cikin takalmin cocin babanku. Shi kuwa in ya dawo makaranta ya tarar, sai ya damƙi wuyan ɗan abin ya goga masa hanci a ciki, wai haka ya ji ana yi. Abin da hakan ya haifar kawai shi ne Duna ya koyi ɓuya, ya riƙa yi a inda sai wari ya kai ka. Na ce masa ya bar mini, tun da ni nake yini da shi. Na fara lura da shi kamar yadda na lura da Rahila lokacin da nake koya mata fo. In ya tashi barci, zai yi. In ya sha koko ya ƙoshi, ba a jimawa zai yi. In ya sa hanci a ƙasa yana kewaya wuri ɗaya, to ko tuwo nake tuƙawa sai in yar da muciya in sure shi. Sai dai in kai shi ina? Na shimfiɗa tsofaffin jaridun babanku, ya yayyaga su. Na zuba toka a kusurwa, ya shiga ya yi ta atishawa, ya fito fari fat kamar dodo.

Ran nan ina wanke daɓe da sabulu, raina a ɓace, Inna ta leƙo ta lungu ta tsaya nesa. Ta ce ita dai ta san kyanwa yashi take so, ko shi ma in gwada masa. Masu jaki ba su daɗe da sauke mata sabo ba, ragowar na nan tsibe a bayan rijiya.

Ta ce, "Ɗebi mana. Yashi ne, ba zinariya ba."

Na cika wani tsohon daro mai huda na ajiye a kusurwar filinmu. Abin mamaki, tun ranar ya karɓa. Ya shinshina, ya tona da ƙafa, ya kewaya, ya tsuguna. Na yi ta shafa kansa ina cewa yauwa, na ba shi kan busasshen kifi. Rahila ta ga haka, ita ma ta mai da shi aikinta, duk lokacin da ya yi a daro sai ta yi tsalle tana tafi. Duka bai koya masa komai ba, tafin yarinya da kan kifi suka koya masa. Kullum in kwashe wanda ya ɓaci in kai masai, in ɗebo sabo daga tsibin Inna. Aka kai ga ko a ɗaki yake, in ta matsa masa sai ya je ƙofa yana kuka a buɗe masa, ya ruga wurin yashinsa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin kaina. Har matan coci nake ba labari, suna cewa Saratu ta zama Baturiya. Lungun da ke fita tsakar gida kuwa na tare shi da wani tsohon ƙyaure da na kwantar a gicciye, na ɗauka magana ta ƙare. Abin da ban lissafa ba shi ne ɗan kwikwiyo girma yake yi, ƙyaure kuwa ba ya girma.

Wata Juma'a ce, bayan an sauko masallaci. Babban ɗan Inna, Alhaji, wanda ke harkar manyan motoci a Jos, ya zo gaishe ta. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai dai ta ce "wannan" ko "mutumin Jos". An shimfiɗa masa tabarma a inuwa, babanku ma ya fito sun gaisa suna taɓa hira. Ni kuma na fitar da daron na juye, na wanke, na kife shi a rana, da niyyar in na sauke miya in zuba sabon yashi. Duna ya tashi daga barci ya je kusurwarsa, ba daro. Na ji kukansa, na ce bari in juya miyar nan tukuna. Ban ankara ba sai na ji ƙyauren ya yi ƙara. Na fito da ludayi a hannu, na hango shi ya haye, ya miƙe tsakar gida da gudu, hancinsa a ƙasa. Inna ta gama alwalar la'asar ke nan, tana tafe da abin sallarta a kafaɗa. Ya wuce ta gabanta, ya tsallake duwatsun nan, ya shinshina. Yashin da ya sani ne, tsibi ɗaya, ƙamshi ɗaya. Ya tona, ya kewaya, ya tsuguna a tsakiya.

Sannan ya rugo wurina yana kaɗa wutsiya, yana jiran kan kifi. Ke kuma Rahila kika fito bayana kina tafi da iyakar ƙarfinki.

"Yauwa Duna! Yauwa Duna!"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya miƙe tsaye a fusace. Kada ku ga laifinsa. A wurin nan ya ga ubansa yana sujada tun yana yaro, da ni ce ma abin da zan yi ke nan.

Ya ce, "Inna lillahi! A fitar da abin nan daga gidan nan yanzu-yanzu. In ba haka ba ni zan jefa shi kwata da hannuna."

Da babanku ya ba da haƙuri ya yi shiru, da wataƙila an tsaya nan. Ya fara da ban haƙurin kuwa, amma da Alhaji ya ce dama abin da ke biyo bayan ba kowa da kowa ɗaki ke nan, sai ya hau dokin zuciya.

Ya ce, "Alhaji, ba alfarma muke zaune ba. Haya muke biya."

Inna ba ta dubi ɗanta ba, ba ta dubi babanku ba, ni ta duba.

Ta ce, "Saratu, haya ce tsakanina da ke?"

Na zube a ƙasa ina kuka, Duna na lasar mini hannu, bai san ya yi komai ba. Ta bari na yi mai isata, sannan ta tambaye ni abin da zai same shi in aka fitar da shi yau. Na gaya mata abin da malamin dabbobi ya ce, da sauran allura, kuma ciwon na nan a gari. Ta juya wajen Alhaji, ta yi ƙasa da murya.

Ta ce, "Kai wannan, zauna. Dabbar nan abin da aka koya mata ta yi. Yashin nawa ne, ni na ce a ɗiba, ni na kawo shawarar. Ba zan je gaban Allah da alhakin maraya ba, ko mai ƙafa huɗu ne. Zai zauna har a gama masa allurarsa."

Alhaji bai iya musa wa uwarsa ba. Amma kafin ya hau mota ya kafa sharaɗi, ranar da aka yi allurar ƙarshe, ranar kare zai bar gidan ubansa. Inna ba ta ce a'a ba, kuma gaskiyarsa ce.

Da yammar nan ni da ita muka kwashe yashin kaf har muka tarar da jar ƙasa. Ta hana ni taɓa duwatsun, ita ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, ni ina jawo mata ruwa. Aka kawo sabon yashi aka zuba. Duk da haka ba ta koma salla a wurin ba, a ɗaki take yi, cikin zafin bazarar nan. Na tambaye ta, ta ce wurin ya tsarkaka, zuciyarta ce ba ta kwanta ba tukuna. Magana kuma ta fita unguwa. Matan da ke shigowa ɗiban ruwa a rijiyarta suka ragu, wata ƙawarta ta daina cin abincin gidan, ana ta cewa Inna Dije ta tsufa har kare ya fi ɗanta daraja. Duk ta ji, ba ta taɓa kawo mini ko ɗaya ba, a bakin mai kitso na tsinta. Ni kuwa na ɗaga shingen lungu har ƙirji, na koma wa Duna da ƙasar gona a daronsa, na sake koya masa daga farko.

Lokacin allurar ƙarshe na matsowa, babanku ya zaunar da ni. Dama an taɓa ba shi gida a sababbin kwatas na ma'aikata, can bayan gari ta hanyar Akwanga, ya ƙi karɓa saboda ya san ba zan so rabuwa da Inna ba. Yanzu ya ce gidan na nan. Ko dai a mai da Duna Gitata mu ci gaba da zama, ko mu kwashe mu tafi da shi.

Ya ce, "Ke kika raine shi, ke kuma kike da Inna. Abin da kika ce shi za a yi."

Na kwana biyu ina juya maganar. Na san abin da ke jiran Duna a ƙauye, kare da ya saba da hannu da ɗaki, ko a ɗaure shi a gona ko a sayar wa masu zagayen sayen karnuka ran kasuwa. Na ba shi koko da cokali tun bai iya lasa ba. Ga babanku da Alhaji ba sa ga maciji, in ɗaya ya shigo ɗaya sai ya fita. Ga ni kuma, duk sa'ad da na ratsa ta gindin mangwaron nan sai in kasa ɗaga kai. Na je wa Inna da maganar, a raina ina so ta ce kada in tafi. Da ta faɗi haka, ko sau ɗaya, da na zauna.

Ta ce, "Mijinki ya samu gidan gwamnati mai famfo da lantarki, ni in hana ki? Bi mijinki, 'yar nan. Keffi ɗin duka nawa take?"

Na ce mu tafi. Ni na faɗa, da bakina. Ranar da motar kaya ta zo, Inna ta ba ni tukunyar da ta dafa mini ruwan jego, ta goya Rahila har bakin zaure. Da aka fito da Duna ta matsa gefe ta tattare zaninta, amma ta ce masa, "To, sarkin ɓarna, Allah ya kiyaye hanya."

Duna ya yi tsawon rai a kwatas, ku duka kun san shi da furfura a baki. Ɓarawo bai taɓa shigar mana ba, kuma har ya mutu bai ɓata mini ɗaki ba. Ban taɓa cewa na yi da-na-sanin ceton ransa ba. Abin da na ce wa kaina dai, cewa kullum zan riƙa zuwa Tudun Ƙofa, shi ne bai yiwu ba. Da farko ina zuwa kusan kowace rana. Daga baya ya koma ran kasuwa. Damina ta sauka, na samu cikin Dauda mai wahala, ko ƙamshin miya ba na so, tafiyar ta gagare ni. Ina ta cewa in na ji sauƙi zan je in gaya mata da kaina, don ta fara tanadin itacen wankan jego.

Ranar da na ji ƙarfi na yi mata dambun zogale, wanda take so, na ɗaura a ɗankwali na kama hanya. Tun daga bakin layi na hango tabarmi a ƙofar gida, maza zaune jere. Alhaji ya hango ni, ya taso ya tare ni, mutumin da rabonsa da yi mini magana tun ranar Juma'ar nan. Ya ce jiya da hantsi aka kai ta. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki.

Ya ce, "Ta yi ta kiranki. Wallahi na aika, har sau biyu. Gidajen naku duk iri ɗaya ne, ba a gane ba."

Na shiga ciki ban san inda nake jefa ƙafa ba. Mata cike da tsakar gida. Na nemi wuri can baya wajen masu zuwa gaisuwa zan rakuɓe, sai ƙanwar Inna, wata tsohuwa da ta zo daga Lafiya, ta kamo hannuna. Ta karɓi kwanon dambun ta ajiye, ta ja ni har cikin ɗakin Inna inda 'ya'yanta mata ke zaune, ta ce su matsa.

Ta ce, "Nan ne wurinki. Ita ta ce."

A nan na zauna har aka yi sadakar bakwai. Matan unguwa, har da waɗanda suka daina ɗiban ruwa a rijiyar, in sun shigo sai su bi mu ɗaya bayan ɗaya, su durƙusa a gabana su ce, "Saratu, ya haƙurin rashin uwa?" Sauran suna amsawa da godiya. Ni kuwa ina zaune a tsakiyarsu, a wurin da ta ce.